Kafin Yaro Ya Ce "Baba": Yadda Kunne Ke Riga Baki Koyon Magana

A gidanmu akwai wata jaririya, 'yar ƙanena, da ta cika wata 9 a damunar nan. Da hantsi, idan an gama ɗumame an watse, kakarta kan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta, ta jawo faifai tana tsintar wake. Yarinyar sai ta kama gefen faifan ta fara: "da-da-da-da." Tsohuwa ko kai ba ta ɗagawa, sai ta ce, "To! Haka aka yi? Wa ya taɓa min kishiya?" Yarinya ta yi tsit, ta ƙura wa bakin kakar ido, can kuma ta sake, wannan karon da ƙarfi: "ba-ba-da!" Tsohuwa ta ce, "Af, Baba ne? Bari ya dawo, zai gamu da ni." Sukan shafe rabin awa a haka. Duk wanda ya gifta sai ya yi murmushi ya ce Hajiya na hira da wadda ba ta san komai ba.

Wannan magana ta "ba ta san komai ba" ita ce ba ta kwanta mini ba. Mun saba ƙirga magana daga ranar da yaro ya buɗe baki ya ce "baba" ko "mama", a yi ta murna, a buga wa dangi waya a shaida musu. Alhali kalmar nan ta farko girbi ce. Noman an yi shi a ɓoye sama da shekara guda, kuma mafi yawansa a kunne aka yi shi. Wanda ya gane haka, kallon da yake yi wa hirar tabarmar nan zai sauya, haka ma inda zai fara dubawa ranar da ya ga ɗansa ya yi jinkirin magana.

Kunnen ɗan tayi yakan fara aiki tun ciki na wata 6 zuwa 7. Abin da ke isa gare shi ba magana ce tar ba, domin sai sautin ya ratsa fata da tsoka da ruwan mahaifa. Kamar ka tsaya a soro ne kana jiyo hira daga uwar ɗaki: ba ka tsinkayar kalmomin, amma ka san wa ke magana, ka san tambaya ake ko faɗa, ka kuma san ko Hausa ake yi ko wani yare. Baƙaƙe sukan dushe. Abin da ke tsira shi ne kari, wato hawa da saukar murya, da takun maganar, wato saurinta da wuraren da take numfasawa. Muryar uwa ta fi ta kowa ƙarfi a wurinsa, saboda ita ba ta iska kaɗai take zuwa ba, ta cikin ƙashi da naman jikinta take bi.

Jariri ba a tambayarsa me ya ji, don haka sai masu bincike suka nemo dabara. Abin da jariri ya iya tun ranar farko shi ne tsotso. A 1980, Anthony DeCasper da William Fifer a Amurka suka ba jarirai da ba su wuce kwana 3 ba robar tsotso da aka haɗa da na'ura, yadda idan suka yi tsotso da wani salo sai su ji muryar uwarsu, idan suka yi da wani salon sai su ji muryar wata mace. Jariran suka riƙa zaɓen salon da ke kawo muryar uwa. A 1986 DeCasper da Melanie Spence suka ƙara gaba: suka sa mata masu juna biyu su riƙa karanta wani ɗan labari a fili sau 2 kullum a makonni 6 na ƙarshen ciki. Bayan haihuwa, jariran suka fifita labarin da aka karanta musu a ciki a kan wani sabo, ko da wata mace ce daban ta karanta. A birnin Faris kuma, Jacques Mehler da abokan aikinsa sun nuna a 1988 cewa jariran Faransawa 'yan kwana 4 suna bambanta Faransanci da Rashanci daga bakin mace guda, har bayan an tace muryar an bar takunta da karinta kawai. Ke nan idan mahaifi ko malami ya sunkuya ya yi wa jariri kiran sallah a kunnen dama ranar haihuwa, kunnen da ya karɓi kiran ba sabon shiga ba ne. Ya yi wata 2 ko 3 yana bakin aiki.

Har kukan farko an saurara. A 2009 Kathleen Wermke ta Jamus da abokan aikinta suka naɗi kukan jarirai 30 na Faransa da 30 na Jamus, suka ce kukan na Faransa ya fi yawan hawa sama a ƙarshe, na Jamus kuma ya fi yawan sauka, daidai da yadda harsunan biyu ke tafiya. Daga baya suka je wurin mutanen Nso a arewa maso yammacin Kamaru, masu harshe mai karin sauti kamar namu, suka iske kukan jariransu ya fi na Jamusawa hawa da sauka. Akwai masanan da suka yi ja da yadda aka yi lissafin binciken na 2009, don haka batun kuka bai kai na muryar uwa ƙarfi ba. Na kawo shi ne domin ya nuna inda hankalin masana ya karkata: kari shi ne ƙofar farko da harshe ke shiga ta cikinta.

Yanzu ga inda abin ya fi ba ni mamaki. Jariri yana zuwa duniya da kunnen da ya fi na manya faɗi. A 1971 Peter Eimas ya gwada jarirai 'yan wata 1 da 'yan wata 4 da sautin "ba" da "pa". Bambancin waɗannan biyu ɗan mitsitsi ne: tazarar da ke tsakanin buɗewar leɓɓa da lokacin da tantanin maƙwallato ya fara ziza. A gwajin, tazarar da ta raba sautukan ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na sakan guda ba, amma jariran suka ji ta. Sai Janet Werker da Richard Tees a Kanada suka tambayi abin da ya fi wannan muhimmanci: yaushe ne wannan faɗin kunne ke tsukewa? A 1984 suka ɗauki jariran da Turanci kaɗai ake yi a gidajensu, suka jiyar da su sautuka daga harsunan da ba su taɓa ji ba. Daga Hindi suka ɗauko "ta" iri biyu, ɗaya a bayan haƙora, ɗaya da naɗe harshe. Daga wani harshen 'yan asalin yammacin Kanada suka ɗauko tunkuɗau guda biyu, ɗaya ɗan'uwan "ƙ" ɗinmu, ɗayan kuma ya fi shi nisa can cikin maƙoshi. Aka koya wa jariran cewa da zarar sauti ya sauya, idan suka waiga gefe za su ga 'yar tsana ta haskaka tana motsi. 'Yan wata 6 zuwa 8 kusan duk sun riƙa waigawa. 'Yan wata 10 zuwa 12 kuwa ƙalilan ne suka ji sauyin. Amma jariran da aka haifa a gidajen masu waɗannan harsuna, su kunnensu bai saki ba ko da suka kai shekara.

Ba sai mun je Kanada ba kafin mu ga sakamakon wannan. Saurari baƙon da ya koyi Hausa da girma. Zai iya shekara 20 a Sabon Gari, ya iya ciniki, ya iya zolaya, amma "ƙasa" da "kasa", "baƙi" da "baki", "ɓari" da "bari", "ɗaki" da "daki", duk su fito masa hanya ɗaya. Mukan ɗauka harshensa ne ya yi nauyi. Sau da yawa kunnensa ne bai raba su ba, kuma baki ba ya gyara abin da kunne bai ji ya karkace ba. Mu ma haka muke a gonar wasu. Hausa ba ta raba "p" da "f" gida biyu, sauti ɗaya ne a wurinmu, wani ya furta shi kusa da wannan, wani kusa da wancan, Basakkwace ma ya mai da shi "h" a wasu kalmomin. Shi ya sa ɗalibinmu ke shan wuya da su a ajin Turanci, a yi ta masa dariya kamar rashin ƙoƙari ne. Malamin allo ma ya san wannan wahala: sai ya yi ta maimaita wa almajiri mafitar wasu haruffan Larabci da Hausa ba ta da su, yaro yana mai da su "s" da "z" da ya saba. Da za a jiyar da waɗannan yara sautukan tun suna wata 6, da sun ji bambancin ba tare da wani ya nuna musu ba.

Kada a ɗauki wannan tsukewa a matsayin asara zalla. Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington ta gwada jariran Amurka da na Japan da "ra" da "la", waɗanda Turanci ya raba amma Japananci bai raba ba. A wata 6 zuwa 8 kunnensu ɗaya. Zuwa wata 10 zuwa 12 na Japan sun ja baya, na Amurka kuwa ba tsayawa suka yi a inda suke ba, kaifi suka ƙara. Abin da ƙwaƙwalwa ke yi shi ne ƙidaya. Kowane mutum da irin muryarsa, "k" ɗin kaka daban da na yaya, na mai mura daban da na mai lafiya. Jariri yana jin dubban waɗannan, sannu a hankali ya lura sun taru tsibi-tsibi. A gidan Bahaushe akwai tsibin "k" akwai tsibin "ƙ", da fili a tsakaninsu, sai ya ja iyaka a filin. A gidan da babu "ƙ" tsibi ɗaya ne, sai ya daina ɓata hankalinsa a kan bambancin da ba ya sauya ma'ana. Wannan watsi da abin da ba shi da amfani shi ke ba shi damar jin magana da sauri.

Ɗan Bahaushe yana da ƙarin aiki da rubutunmu na boko ke ɓoyewa. "Kuka" na hawaye da "kuka" ta miya harafi ɗaya muke rubuta su, kari ne ya raba su. Haka "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala. "Gari" da ake zama a ciki da "gari" na tuwo kuwa, tsawon wasali ne ya raba su. A 2006 Karen Mattock da Denis Burnham a Ostireliya sun gwada jarirai da karin sautin harshen Tailan. Jariran gidajen Turanci sun ja baya tsakanin wata 6 da wata 9, jariran gidajen Sinawa kuwa, da yake harshensu ma na kari ne, ba su saki ba. Yaron da ke tashi cikin Hausa yana cikin rukuni na biyu: dole kunnensa ya riƙe hawa da saukar murya a matsayin ɓangaren kalma, ba ado kawai ba. Ni dai a kunnena, yaran gidanmu sukan daidaita karin kalma tun baƙaƙenta ba su zauna ba, har uwa ta gane abin da ake nufi daga waƙar kalmar kaɗai.

Akwai wata matsalar da mu manya ba ma ganinta saboda mun daɗe da wuce ta. Magana ba ta zuwa a rarrabe kamar yadda muke barin fili tsakanin kalmomi a takarda. Kunna rediyo a tashar yaren da ba ka ji, za ka ji ta kamar ruwan famfo, ba ka san inda wata kalma ta ƙare wata ta fara ba. To yaya jariri ke yanka ta? A 1996 Jenny Saffran da Richard Aslin da Elissa Newport suka ƙirƙiro kalmomin ƙarya guda 4 masu gaɓa uku-uku, suka jera su a haɗe ba numfashi ba kari, suka kunna wa jarirai 'yan wata 8 na minti 2 kacal. Bayan nan jariran suka iya bambanta "kalmomin" da gaɓoɓin da suka haɗu a kan iyaka bisa tsautsayi. Nan ma ƙidaya ce. Ɗauki "ruwa". Yaro na jin "sha ruwa", "kawo ruwa", "ruwan zafi", "babu ruwa". Abin da ke zuwa kafin "ru" kullum sauyawa yake, amma "wa" na manne da shi. Da yau da gobe sai ya gane waɗannan biyu tafiyarsu ɗaya.

Sunansa yana cikin abubuwan farko da yake kamawa. An nuna tun 1995 cewa ɗan wata 4 da rabi ya fi sauraron sunansa a kan wani suna, kuma zuwa wata 6 yakan yi amfani da sunan kamar turke, ya ciro kalmar da ta biyo bayansa. A wurinmu sunan da yake kamawa ba lallai ne na yanka ba. Wanda aka sa wa sunan kakansa, "Abba" ko "Baffa" zai fara waigawa a kai, domin shi yake ji safe da yamma. A 2012 kuma Elika Bergelson da Daniel Swingley suka nuna cewa 'yan wata 6 zuwa 9 sukan kai idonsu kan hoton da ya dace idan uwa ta ambaci wasu kayan abinci ko sassan jiki. Wato ma'ana ta fara shiga wata shida kafin baki ya furta kalmar farko.

Me ya tsare bakin duk wannan lokaci? Ƙirarsa. Bakin jariri don shan nono aka tsara shi: harshe ya cika baki, maƙogwaro yana can sama, ba filin da harshe zai yi yawo. Daga wajen wata 3 ne wurin ke fara buɗewa. A wata 2 za ka ji ƙananan sautuka daga maƙoshi, "agu", "guu", idan ya ƙoshi yana kallon fuska. Daga wata 4 zuwa 6 sai wasa: ya ƙwalla ƙara, ya yi gurnani, ya busa leɓɓa da miyau, yana gwada abin da kayan aikinsa za su iya. Tsakanin wata 6 da wata 10 ne gwaranci na sosai ke zuwa, baƙi da wasali a haɗe cikin gaɓa cikakkiya, ana maimaitawa. Peter MacNeilage da Barbara Davis sun yi bayanin cewa tushen wannan gaɓa muƙamuƙi ne. Yaro ya saki murya, haɓa na sauka tana hawa. Idan ta hau leɓɓa suka haɗu, ka ji "b" ko "m". Idan harshe na gaba ya taɓa hanƙa, ka ji "d" ko "n". Idan ta sauka, ka ji "a".

Duba sunayen da muke kiran na kusa da mu: baba, mama, dada, kaka, yaya, nana, inna, umma, abba. Kusan duk daga tabarmar gwaranci aka tsinto su. Masanin harshe Roman Jakobson ya ce manya ne suka ji sautukan da jariri ya fi saurin furtawa suka ce "ni yake kira", sai sunan ya zauna. Ya danganta "m" da gunagunin da yaro ke yi ta hanci lokacin da bakinsa ke kan nono, kuma ga shi a Hausa "mama" uwa ce, nono ne kuma. Shaidar cewa manya ne ke raba ma'anar tana Jojiya, inda "mama" ke nufin uba, "deda" kuma uwa.

Sai dai gwaranci ba ya daɗewa yana zama na kowa da kowa. Bénédicte de Boysson-Bardies ta kwatanta gwarancin 'yan wata 10 a Faris da Landan da Aljiyas da Hong Kong a 1989, ta ga wasulansu sun riga sun karkata zuwa na manyan garinsu. Da ta duba jariran Yarbawa, sai ta ga sun fi na Turai fara furuci da wasali, kamar yadda sunaye da yawa ke farawa a harshensu: omi, owo, ile. Kunne ne ke jan linzamin baki. Kuma yana gaba da shi har bayan an fara magana. Yaro zai ce "luwa", amma idan kai babba ka kwaikwaye shi ka ce "ga luwa", sai ya ɓata fuska ya ce a'a, "luwa!" Abin da ke cikin kansa "ruwa" ne, harshen ne bai kai ba tukuna. Jean Berko da Roger Brown sun rubuta irin wannan tun 1960. Saboda haka tsamin bakin ɗan shekara 2 ko 3 a kan "r" da "ts" da "ƙ" ba abin tashin hankali ba ne, kuma ba a gyara shi da tsawa. A dai riƙa mayar masa da kalmar daidai cikin hira.

Mu koma kan tabarma, domin abin da kakar nan ke yi an auna shi. A 2003 Michael Goldstein da abokan aikinsa suka sa wa iyaye mata na'urar ji a kunne suna ba su umarni. Wasu aka ce su yi murmushi su taɓa ɗansu daidai lokacin da ya yi sauti. Wasu kuma suka yi murmushi da taɓawar daidai adadin na farko, amma ba a kan gaɓar sautin yaron ba. Jariran rukunin farko ne gwarancinsu ya ƙaru ya kuma nuna, cikin zama guda. Ba yawan kulawar ba ne, dacewarta da abin da yaro ya yi ne. A shekarar dai, Kuhl ta kawo jariran Amurka 'yan wata 9 suka yi zama 12 da masu jin Sinanci, ana wasa ana karanta musu littafi. Bayan nan suka iya bambanta wasu sautukan Sinanci kamar jariran Taiwan. Wani rukunin aka nuna musu mutanen nan dai a talabijin, wani aka kunna musu muryar kawai. Waɗannan ba su koyi komai ba. Kallon bakin da jaririyarmu ke yi ma sananne ne: an ga cewa daga wajen wata 8 jarirai kan sauke ido daga idon mai magana zuwa bakinsa, daidai lokacin da suke fara gwada nasu.

A nan akwai tambayar da ta shafe mu kai tsaye. Mafi yawan waɗannan gwaje-gwaje a Amurka da Turai aka yi su, inda uwa ke zama da ɗanta ido da ido tana masa magana da siririyar murya. Mu kuwa muna da kunyar ɗan fari. Akwai uwar da ba za ta ambaci sunan ɗanta ba, ba za ta yi masa wasa a gaban surukai ba. Shin an cuci wannan yaro? Ban ga haka ba. Elinor Ochs a Samowa da Bambi Schieffelin a wurin mutanen Kaluli na Papuwa Niyu Gini sun tarar da al'ummomin da manya ba su cika yi wa jariri magana kai tsaye ba. Marisa Casillas ta naɗi rayuwar yaran Tseltal a Meziko, ta ga maganar da ake fuskantar su da ita kaɗan ce, amma suna fara kalma da haɗa kalmomi a kan kari. A gidan yawa, abin da uwa ta kame a kai, kaka da goggo da 'yar raino da yaran maƙwabta sun ɗauke. Goyo kansa makaranta ce: yaro na bayan uwa a wurin daka, a bakin rijiya, a gidan suna, yana jin gaisuwa da amsarta, yana ganin bakunan masu yi wa uwarsa magana, kowa ya zo sai ya leƙa ya ce masa wani abu.

Abin da ke damuna shi ne gidan da muke komawa yanzu. Mata da miji su kaɗai a bayan katanga, miji ya fita tun safe, ba kaka ba goggo, uwa aiki ya sha mata kai, sai a jingina jariri da filo a kunna masa waya ya yi shiru. Ba laifin uwar nake gani ba, hannu biyu gare ta. Amma mun rage bakunan da ke amsa wa yaro, mun maye gurbinsu da abin da ba ya jin sa balle ya amsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 1 ba gaban allon waya ko na talabijin ko kaɗan. Maganin ba kuɗi yake ci ba: uwa tana wanke-wanke tana faɗa masa abin da take yi, uba ya dawo ya ɗauke shi ya amsa masa gwarancinsa, ko da kunya za ta sa sai a ɗaka.

Gidan da ake harshe biyu kuwa, Hausa da Fulatanci, ko Barbarci, ko Zabarmanci, kada a ji tsoro. Jariri yana raba harsuna ta takunsu tun yana ɗanye, kuma jin harshe biyu ba ya jawo jinkirin magana. Idan aka haɗa kalmomin da ya sani a harsunan biyu, ba ya kasa takwaransa mai harshe ɗaya.

Idan magana a kunne take farawa, to a kunne ya kamata a fara neman matsalarta. A nan ne muke yawan kuskure. Yaro ya kai shekara 2 bai ce komai ba, sai a ce nauyin baki ne, ubansa ma haka ya yi, ko a ce linzami ne a kira wanzami. Linzami yakan hana jariri kama nono da kyau, yakan kuma dagula furta wasu baƙaƙe, amma ba ya hana yaro fahimtar magana ko waigawa idan an kira shi. Abin da ke ruɗar iyaye shi ne jaririn da ba ya ji ma yana kuka, yana dariya, yana "agu" kamar kowa a watannin farko. Inda hanya ke rabuwa shi ne gwaranci. Kimbrough Oller da Rebecca Eilers sun nuna a 1988 cewa jarirai masu ji duk sun fara gaɓa cikakkiya zuwa wata 10, kurame kuwa babu wanda ya fara kafin wata 11. Don haka yaron da ya cika wata 10 babu "ba-ba" babu "da-da", ko wanda ba ya firgita da ƙarar faɗuwar kwano, ko wanda ya fara gwaranci sannan ya yi shiru bayan zazzaɓi mai zafi, asibiti za a kai shi a auna jinsa.

Abubuwan da ke kashe kunnen yara ba baƙinmu ba ne: sanƙarau, ƙyanda, shawarar jarirai idan ta yi tsanani, ciwon kunne mai zubar da mugunya da aka bari ya daɗe, da wasu allurai masu ƙarfi da ake yi ba bisa ƙa'ida ba. Annobar sanƙarau ta 1996 kaɗai ta kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, akasari a Arewa, kuma kurumta na cikin tabon da cutar ke bari ga waɗanda suka tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yara miliyan 34 ne ke fama da raunin ji mai nakasarwa, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya kauce mata. Gwajin jin jariri ba shi da zafi, 'yar na'ura ce ake sa masa a kunne yana barci, cikin mintuna an gama. Dakta Bolajoko Olusanya ta nuna a Legas cewa ana iya yin sa a wuraren rigakafi, lokacin da aka kawo jarirai allurar BCG ta tarin fuka. Ƙa'idar da likitocin ji ke bi ita ce a gwada kafin wata 1, a tabbatar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6, saboda binciken Christine Yoshinaga-Itano na 1998 ya nuna waɗanda aka gano kafin wata 6 sun yi wa waɗanda aka gano daga baya nisa a harshe.

Idan kuma an tabbatar yaro ba ya ji, ƙofar harshe ba ta rufe ba. A 1991 Laura Petitto da Paula Marentette a Kanada suka lura da jarirai kurame waɗanda iyayensu ke maganar hannu. Tsakanin wata 10 da 14 sai ga su suna gwaranci da hannu, suna buɗe tafi suna rufewa, suna maimaita 'yan siffofin da suke gani a hannun iyayensu, gaɓa bayan gaɓa, kamar yadda mai ji ke yin "da-da-da". Abin da ƙwaƙwalwar yaro ke nema shi ne harshe daga wurin mutumin da zai amsa masa, ta kunne ya shigo ko ta ido. Mu ma muna da tamu maganar hannu, wadda Constanze Schmaling ta zauna da kuramen Kano ta rubuta bayaninta. Mafi yawan yara kurame a gidan masu ji ake haifarsu, kuma da yawa ba sa haɗuwa da cikakken harshe sai an kai su makarantar kurame suna shekara 6 ko 7, bayan watannin da muka yi ta ƙirgawa a sama sun daɗe da wucewa. Iyayen da aka shaida wa ɗansu ba ya ji, ko za a sa masa na'urar ji ko ba za a sa ba, su nemi wani kurma babba a unguwa ya riƙa shigowa gida, yana koya wa uwa da kaka da yayye hannu, yana kuma zama a kan tabarma da jaririn.